Ranar da Fanka ta Watsa Littafin Malam

Ko zan manta da komai na zamana a jami'a, ban da wata Alhamis a shekararmu ta biyu. Mu ne ɗaliban farko na sashen kimiyyar adana bayanai, sashen da ko sunansa mutanen gari ba su iya faɗa ba. Malaminmu ya yi watanni yana bin gidajen Zango, yana roƙon a ba mu tsofaffin takardu mu ɗauki hotonsu mu adana a na'ura. Kowa ya ƙi, sai wani dattijon malami ɗaya, aminin kakana.

Da hannunsa ya miƙo mini gafakar fata. "Jikata, littafin kakana ne, da shi ya keta Sahara. Amana ce. Ki maido kafin la'asar."

Littafin ba ɗinki, warƙoƙi ne a sake. Da na koma sashenmu na shimfiɗa su a kan tebur, ni uwar iya aiki. Babu wuta a lokacin, ban kuma lura fankar sama a kunne take ba. Wuta na dawowa, sai kawai na ga takardu suna shawagi a ɗaki.

Na bi su da rarrafe ina tsinta. Babu lambar shafi ko ɗaya, ni kuma ban iya karanta rubutun ba. Wallahi na ji tsoro. In labarin nan ya fita, babu gidan da zai sake buɗe wa sashenmu ƙofa, kuma ni ce sanadi. Har zuciyata ta ce in haɗa su yadda suka zo in yi shiru.

A bayan kabu-kabu addu'a kawai nake yi. A zaure na durƙusa na faɗa wa dattijon gaskiya.

Sai ya baje warƙoƙin a buzu, ya nuna mini wata kalma ita kaɗai a ƙasan shafi. "Kin ga wannan? Da ita shafin gaba ke farawa." Ya shiga jerawa, ina ƙirga numfashina. Can ya tsaya. Ya juya, ya sake juyawa, babu na gaba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kar ki suma mini a zaure," in ji shi. "Wannan tun zamanin babana ta ɓace." Ya dube ni ta saman tabarau. "Wai a lakol ɗin taku, makarantar bokon nan, ba a koya muku wannan ba?"

Ba a koya mana ba, don malaman namu ma ba su sani ba. Yau ni ke koyarwa a sashen, kuma abin da na koya a zauren nan shi nake fara gaya wa ɗalibai: kafin ku taɓa takardar mutum, ku zauna ya koya muku yadda masu ita suka tsara ta.