Yatsun Yayata Mai Wanki

Yayata mai wanki ce, shekara talatin hannunta na cikin sabulu da bilic. Da wankin nan ta raini ɗanta tilo, Dogo, wanda yanzu yake gidan yari saboda faɗan tasha da ya tsoma kansa ciki. Ban ce ba shi da laifi ba. Amma shekara uku cur, duk Asabar sai ta ɗauki kwanon abinci ta je ta gan shi, har gandurobobi na kiranta Mama.

Kwatsam aka kawo na'urar tantance masu ziyara. Wai yatsa, da fuska, da ƙwayar ido. In biyu cikin uku ba su dace da abin da ke katin shaidarka ba, ƙofa ba ta buɗewa. Idon Yaya akwai yana, na'ura ta ce ba ta gani. Fuska ta wuce. Yatsa kuwa, ina! Sabulu ya cinye zanen tas, sumul kamar bayan cokali.

"Mama, wallahi na san ki," in ji gandurobar da ke bakin ƙofa ranar da na raka Yaya, "amma ba ni ke buɗewa ba."

"To ke aikin me kike yi a nan, gadin na'ura?" na ce mata. Yaya ta ja mini mayafi wai in yi shiru. Wannan haƙurin nata shi ke ƙona mini rai.

Wani ma'aikaci ya ce in ta daina wanki zanen zai dawo. Ka ji shawarar banza! Mai wanki ta daina wanki, ta ci me? Amma ta daina. Wata biyu tana shafa basilin, tana ɗaure hannu cikin safa, ko kofi ba ta ɗauraya. Masu ba ta wanki suka koma wajen wasu. In na kai mata abinci sai ta ɗan taɓa ta ture, tunanin Dogo ya hana shi wucewa.

Da muka koma, ta ɗora babban yatsa, fitilar na'urar ta yi kore. Yaya har da tafi. Sai ta ɗaga kai ga kyamara, fitila ta yi ja. Ta gyara ɗankwali, ta yi murmushi, ja dai. Ashe ramar da ta yi ce, kumatu sun faɗa, na'ura ta ce ba wannan fuskar ta sani ba.

Na zazzaga masifa har muryata ta dushe, babu wanda ya ɗago kai. Muna juyawa gandurobar ta biyo mu, tana ta sunkuyar da kai.

"Mama, akwai saƙo daga Dogo."

Yaya ta tsaya cak, kwano a hannu. "Me ya ce, 'yata? Yana lafiya?"

"Cewa ya yi, in kin gaji da shi ne, ki aiko a faɗa masa, ya daina wanka yana zaman jiranki duk Asabar."