Malam Gambo da Fayil ɗin Nafisat

Malam Gambo ya yi shekara ashirin da shida yana kula da fayil-fayil a wani ofishin lauyoyi kusa da Kawo. Mutumin Funtuwa ne, ya zo Kaduna yana saurayi, ya fara da aikin masinja. Daga Rigasa yake zuwa a kan tsohon babur, kuma shi yake buɗe ofis. Karatunsa bai wuce sakandare ba, amma ƙananan lauyoyi shi suke tambaya ranar komawa kotu.

Na san shi ne bayan rasuwar 'yata Nafisat. Motar wata hukumar gwamnati ta buge ta a Katabu ranar 4 ga Maris, 2024, tana tsallaka titi za ta wurin aiki. Bayan la'asar muka kai ta. Takardar shaidar rasuwa ba mu neme ta ba sai bayan arba'in, kamar yadda yawancinmu muke yi. Ranar 22 ga Afrilu aka buga mata hatimi.

Mai ofishin, Barista Zakariyya, tare muka yi jami'a. Ya zo ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya ce, "Labaran, wannan shari'ar tawa ce." Ya ce tunda hukuma ce, wata uku doka ta ba mu mu shigar da ƙara.

Ranar da na kai takardu, Malam Gambo ne ya karɓa. Kafin ya buɗe su ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Yallaɓai, wace rana aka kai ta?" Na faɗa masa, ya rubuta da fensir a cikin bangon fayil. Ya ce duk wanda ya kawo shari'ar mamaci haka yake tambayarsa, don mutanenmu ba sa karɓo takarda da wuri.

A watan ne ofishin ya kawo wata manhaja da take karanta takardu, ta tsara su, ta lissafa wa'adin kowace shari'a, in ya matso ta nuna ja. Aka ɗauki hoton shafuka aka loda mata. Bangon fayil ba a ɗauka ba. A takardar Nafisat, ranar rasuwa da biro aka rubuta ta, ta dusashe. Ranar hatimi ce ta fito sarai. Manhajar ta fara ƙirga daga nan, ta ba mu har 22 ga Yuli. Ainihin wa'adin 4 ga Yuni ne.

An mai da Malam Gambo wajen injin fotokwafi. Sau biyu cikin Mayu ya shiga wurin Barista.

"Ranka ya daɗe, fayil ɗin yarinyar nan ta Katabu, lokaci na tafiya."

"Gambo, kai da kwamfuta wa ya fi iya lissafi? Ka ga ta nuna ja? Je ka, aiki na jiranka."

A karo na uku takarda ya rubuta, ya ba sakatariya ta sa hannu.

An shigar da ƙara 9 ga Yuli. A watan Nuwamba lauyan hukumar ya miƙe ya yi maganar da ba ta kai minti biyar ba, alƙali ya kori ƙarar. Ba a kira direban ba. Ba a tambayi kowa yadda ta mutu ba.

Barista ya ce mini, "Tsohon nan ne ya ba da ranar da ba ita ba. Na sallame shi." Mako uku na yi ina gaskata maganarsa, sannan na tafi Rigasa don in ji daga bakin Malam Gambo. Na same shi zaune a shagon ƙanensa. Ya shiga gida ya fito da kwafin takardar da ya rubuta, da sa hannun sakatariya, 20 ga Mayu.

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa mini, Malam Gambo?"

"Yallaɓai, ban taɓa fitar da maganar ofis waje ba. Na ɗauka zai ji."

Har yau ban gama yafe masa wannan ba, na kuma faɗa masa haka. Bai musa ba.

Na kai wa Barista takardar. Ya karanta, ya ajiye ta a kan tebur, ya ce, "Labaran, ƙaddara ce." Wata lauya da na nema ta duba komai, ta ce ƙarar da muka yi wa hukumar ba za ta tashi ba.

Mahaifiyar Nafisat ta daɗe tana tambayata ranar da za a kira mu kotu. Jiya bayan azahar na zaunar da ita na faɗa mata babu ranar.