Ƙafafun Bindigar Haliru

Duk wanda ya yi noman shinkafa a Garou ya san Haliru. Shi ne dogon mutumin nan da ke tsayawa a ƙarshen fadama idan shinkafa ta fara fidda kai, da bindigar iska a kafaɗa. Mahaifinsa masunci ne, amma shi ruwa bai karɓe shi ba, sai ya koma tsaron tsuntsu. Da gwangwani da igiya ya fara, kamar kowa, kafin wani surukinsa ya kawo masa bindigar daga Parakou. Ba ya kashewa da yawa. Yakan kayar da biyu ko uku cikin garken jan-baki, tsuntsayen nan masu cin shinkafa, ya rataye su a kara, sauran su ƙaurace wa gonar har la'asar.

Da shekaru suka ja, hannunsa na dama ya fara rawa. Matarsa Fatu ce ta fara lura, ranar da kunu ya zube masa a riga. Tsuntsayen ma ba su daɗe ba suka lura. Yana harbi suna ci.

Ranar kasuwa ya hau kabu-kabu zuwa Malanville, ya nufi rumfar Abdurazak, wani ɗan Kamba mai sayar da fitilu da kayan kamun kifi. Ya faɗa masa damuwarsa a hankali, don kada maƙwabtan rumfa su ji.

"Baba, ƙafa za ka yi wa bindigar," in ji Abdurazak. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. "Wagga doguwa ce, kana zaune kana harbi. Wagga kuma gajera, sai ka kwanta rub da ciki."

Haliru ya gwada doguwar, bakin bindiga ya ci gaba da lilo. Ya kwanta a tabarmar rumfar ya gwada gajerar, baƙar ƙarfe mai naɗewa. Gwiwar hannunsa ta zauna a ƙasa, rawar ta tsaya cak. Ya tashi ya tambayi kuɗi. Gajerar ya ɗauka.

Maƙwabcin gonarsa Seydou, Badande ne mai yawan zolaya, amma da ya ga abin bai yi dariya ba.

"Haliru, mi ya hana ka sari gwafa a bakin gona?"

"Gwafa tana tsaye, ni kuma hannuna shina son ƙasa."

"Kowa ya ga mutum da gwafa ya san manomi ne. Wanga abu kuwa, ni a bayan motar soja kaɗai na taɓa ganin irinshi."

"To, ka riƙa sara mini in na wuce."

Shekarun nan ne mutane suka daina kiran sunan 'yan bindigar da ke cikin daji, sai dai a ce "mutanen can", a rage murya. Haliru ya san da haka. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne inda bakin bindigarsa ke kallo. Tsuntsayen daga ciyayin bakin kogi suke tasowa, kuma daidai wurin ne mashigin da kwale-kwale ke sauke mutane daga wancan ƙetare. Manomi ba ya kwanciya rub da ciki a gona. Ga shi kuwa kullum a kwance kan tudun da ke raba fadamu, hula a goshi, yana fuskantar mashigi.

Harbinsa ya dawo, shinkafa ta cika. Amma masu tuƙin jirgi suka daina ɗaga masa hannu. A masallaci, wanda ke gefensa yakan yi sallama ya tashi da sauri. Fatu ta dawo daga niƙa ta ce mata suna yin shiru idan ta iso.

"Maigida, cewa ake an aje ka ne kana gadin mashigi. Wai kana kai sunan duk wanda ya ƙetaro."

"Wa ya aje ni? Ni da ban san ko sunan jandarma guda ba?"

Bayan azahar wata Laraba, babur ya tsaya a bayansa. Mutum biyu ne, ba 'yan garin ba, da rawani har hanci. Suka yi sallama mai kyau, suka tambayi lafiyar iyali. Ɗayan ya tsuguna ya ɗauki bindigar, ya naɗe ƙafafun ya buɗe, ya leƙa ta kan bakinta zuwa mashigi.

"Daga nan ana ganin komai, Baba."

"Tsuntsu nike kallo."

"Haka ne." Ya mayar da ita daidai inda take, a hankali. "Gidanka ne mai ƙofar langa-langa, bayan injin niƙa? Mun ga tsohuwa tana shanya."

Haliru ya ce nasa ne. Suka yi masa addu'ar girbi lafiya, suka hau babur.

Ya zauna har ƙarar ta ɓace. Ya nemi ya kwance ƙafafun, amma hannun ya ƙi kama ƙusar da ke riƙe da su. Sai ya naɗe bindigar gaba ɗaya cikin buhu ya tafi gida.

Washegari ya sa Fatu a kabu-kabu zuwa wurin yayarta a Madécali, ya ce ta zauna sai ya aiko. Shi bai koma fadama ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan shi hannu wofi. Da hantsi garken ya taso daga bakin kogi, ya yi baƙi a sama, ya sauka a gonarsa. Daga inda yake zaune yana gani.