Uzairu da Ƙararrawar Hayaƙi

Uzairu ɗan Kalmalo ne, garin masunta, amma bai gaji sana'ar kamun kifi ba. Tun yana saurayi ya bar wa 'yan'uwansa koma da jirgi ya dawo Illela, ya kafa tebur a bakin hanyar Ƙonni yana gyaran rediyo da fitilun caji. Mutum ne mai sanyin magana. 'Yan kabu-kabu sukan cika rumfarsa da hira, shi kuwa kansa na sunkuye kan aiki, sai dai murmushi.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa barci ya ƙaurace masa. A hankali ya fara jin rediyoyin da ke kan teburinsa suna ambaton sunansa, har waɗanda babu batir a cikinsu. Da abin ya tsananta, matarsa Safiyyatu ta kai shi wani ƙaramin asibiti a gefen gari, inda aka ware ɗakuna don masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ƙofar sashen a kulle take kullum, tagogin kuma da ƙarafa.

Kulle ƙofar bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne wani farin abu mai kama da murfin kwano da aka liƙa a silin, daidai saman gadonsa, da ɗan jan haske yana ƙiftawa. Uzairu ya tabbata ido ne aka sa masa. Ya taka gado ya rufe shi da hularsa. Aka cire, ya sake rufewa.

Sista Ummu Kulthum, wadda ke kula da sashen, ba ta yi masa faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna.

"Malam Uzairu, mi kake gani can sama?"

"Kallona shi kai, Sista. Ko na juya baya ina jin idonsa."

"An ce kai mai gyara ne. In na kawo maka irinsa, ka iya buɗewa ka gaya min abin da ke ciki?"

Washegari da hantsi ta fito da shi tsakar gida, ta miƙa masa wani sabo da sukudireba, tana tsaye kusa. Ya kwance shi. Ya ga batir, ya ga ɗan allon wayoyi irin wanda ya saba gani, ya juya shi ta ko'ina bai ga gilashin ɗaukar hoto ba. Da ya mayar da murfin, ta kunna takarda ta kara hayaƙin kusa. Abin ya tsala ƙara har Uzairu ya toshe kunne.

"Hayaƙi kaɗai ya sani," in ji ta. "Ku nan ba ku da makulli, yana hannuna. In wuta ta tashi ina wani ɗaki, wanga abu ne zai kira ni in buɗe muku. In ka rufe shi, ka rufe bakin mai kirana."

Ba a ranar ya yarda ba. Sai da magani ya ratsa shi, barci ya dawo, muryoyin suka yi nisa. Amma daga ranar bai ƙara taka gado ba.

Da aka sallame shi ya koma teburinsa. Wasu masu kawo gyara sun ja baya, daga bisani yawancinsu suka dawo. Duk ranar da ya je karɓar magani, sai ya nemi izini ya ɗauki tsani ya bi ɗakunan, ma'aikaci na biye da shi. Ya goge wa ƙararrawar hayaƙin kowane ɗaki ƙura da yanar gizo, ya danna ta ya ji ƙara, ya sauya batirin da ya yi sanyi. In ya ga sabon majinyaci yana satar kallon silin, sai ya zauna gefensa.

"Ni ma kan gadon ga na kwanta," yakan ce. "Na buɗe shi da hannuna. Babu kowa ciki."

Wata rana da azahar, a tsakiyar bazara, wayar fanka ta ƙone a ɗakin ƙarshe, inda wani dattijo mai suna Mukhtari ke barci. Ƙararrawa ta yi kuka. Sista ta buɗe ƙofa, aka kashe wutar lantarki, majinyatan suka fito ƙarƙashin darbejiya ba turereniya, domin yawancinsu sun riga sun san ƙarar da ma'anarta. Aka tashi Mukhtari aka riƙo hannunsa. Baƙin tabo a silin da warin roba, iyakar ɓarnar ke nan.

Uzairu ba ya nan, sai da yamma labari ya iske shi a rumfa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙarasa gyaran da ke hannunsa, sannan ya hau babur ya je duba sauran fankokin.

Yanzu furfura ta fara fito masa a gemu. Yana shan maganinsa, babbar 'yarsa Hamdiyya na karatun aikin jinya a Sakkwato, kuma masu shaguna a kasuwa sun fara kiransa ya liƙa musu irin wannan ƙararrawa.