Hoton Dada Mai Masa

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Yelwa, ɗalibi ne ko malami, in ka ce masa Aishatu matar Mijinyawa zai ce bai san ta ba. Amma ka ce Dada mai masa, nan take za ka ga ya haɗiyi yawu. Shekara ashirin da bakwai tana zaune a gindin dogon yaron nan na bakin titi, tanda a gabanta, ƙullun shinkafa a dama, tukunyar miyar taushe a hagu. Hayaƙin itace kuwa ya yi mata aikinsa. Ƙasan idanunta ya yi baƙi, fatar wurin ta tattare kamar zanen da aka matse aka manta ba a shanya ba.

Ita ko a jikinta. Masu keke mai ƙafa uku kan tsokane ta, "Dada, kwallinki ya zubo!" Sai ta ce, "A masarka ya zubo, ci ka ba ni wuri."

Abin bai fara damunta ba sai da ɗanta Mansir ya zo gama jami'a. Ya ce ranar bikin za su yi hoto tare, ya kafa a bango. Ranar ce Dada ta daɗe a gaban madubi.

To, tana da aminiya, Omolara, Bayarabiya mai shagon kayan kwalliya a kasuwar Wunti, wadda kowa ke kira Maman Kunle. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Kullum sai ta tsaya ta sayi masa kafin ta hau keke. Amincin nasu ba na baki ba ne. Shekarar da gari ya rikice, a ɗakin Dada Maman Kunle ta ɓuya kwana uku da 'ya'yanta. Da Mijinyawa ya rasu kuma, ita ta zauna kusa da Dada har aka yi sadakar bakwai.

"Maman Kunle," in ji Dada wata safiya, murya ƙasa-ƙasa, "a shagon naki babu abin da ke goge wannan?" Ta nuna ƙasan idonta da bakin cokali.

Maman Kunle ta tafa hannu. "Sai yau ka tambaya, Dada? Akwai mai, ni da kaina na haɗa. Sati uku kawai, Mansir zai ce ƙanwarsa ce. Amma sai na ga yadda idon yake da can. Babu tsohon hoto?"

Akwai, guda ɗaya tak. Mijinyawa mutum ne da ba ya son hoto, ko na katin zaɓe sai da aka yi fama. Sau ɗaya ya yarda, wata ƙaramar Sallah, shekarar da aka haifi Mansir. Yana tsaye da hularsa, hannunsa a kafaɗarta, ita kuma fuska sumul kamar ɓawon ƙwai. A ƙasan akwati take ajiye shi cikin leda. Washegari ta ɗauko ta miƙa mata.

"Amana, Maman Kunle. Ba ni da fuskarsa a ko'ina sai nan."

"Haba Dada! Ni da kai?"

Ta ba Dada wata 'yar kwalba kyauta, sannan ta ɗaga waya ta ɗauki fuskarta nan gaban tanda, ido na hawayen hayaƙi. Wai don a gwada bayan sati uku.

Dada ta yi ta shafawa safe da yamma. Man yana da ƙamshin lemo, yana kuma yi mata raɗaɗi. Baƙin nan ko gezau.

Ana nan sai ta lura mata sun fara yawa a wurinta, irin matan da ba su saba zuwa ba. Su sayi masa kaɗan, su tsaya suna ƙare mata kallo, su tafi suna ƙus-ƙus. Wata mai kawo mata itace daga Miri ce ta fasa ƙwai.

"Dada, ashe baƙin dawowa yake yi? Na ga hotonki a Wunti kin zama yarinya, har na sayi kwalba biyu. Na ce in Dada ce, ba ƙarya."

Dada ta rufe ƙullu, ta yafa mayafi, ta tari keke. Tun daga nesa ta hango kanta. Allo ne ƙato a saman shagon. Gefe guda fuskarta ta gaban tanda, an rubuta KAFIN. Ɗaya gefen fuskarta ta ranar Sallar nan, an rubuta BAYAN SATI UKU.

"Maman Kunle, mene ne wancan?"

"Ah, Dada, sannu da zuwa! Talla ne kawai. Duka biyu ba fuskarka ba ce? Ina ƙarya a ciki?"

"Sauke shi. Ki ba ni hotona."

"Gobe, wallahi gobe. Yana wurin mai buga allo."

Goben ta yi kwana biyar. Ran na shida, Dada ta ɗora tanda da murhu da itace a keke, ta je ta kafa su daidai ƙarƙashin allon. Ba ta zagi kowa ba. Ta hura wuta, ta zuba ƙullu. Duk macen da ta nufo shagon sai ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Dada ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Wannan da kike gani ita ce bayan sati uku. Masa nawa za a sa miki?"

Kafin azahar kasuwa ta ɗauka. Mata suka fara dawo da kwalabe. Kafin la'asar an sauke allo. Maman Kunle ta fito, ba ta yarda sun haɗa ido ba, ta ajiye ambulan a gefen tukunyar miya.

Dada ta goge hannu ta buɗe. Rabin hoto ne. An bi da almakashi an yanke Mijinyawa, don kada namiji ya fito a tallar man mata.

"Ina shi?"

"Mai buga allo ne ya yanke, ba ni ba. Na je jiya, ya ce sun share shago." Ta matso kusa. "Dada, ka yi haƙuri. Takarda ce kawai."

Dada ta mayar da hoton cikin ambulan. Sannan ta ce, "Kwana uku na rufe ki a ɗakina, ko ɗankwalinki bai ɓata ba." Ta kashe wuta ta kwashe kayanta.

Ranar bikin Mansir ta tsaya kusa da shi da idanunta yadda hayaƙi ya bar su, hoton yana bango har yau. Maman Kunle kuma ta sauya wurin hawa keke, ba ta ƙara bi ta gindin dogon yaro ba. Rabin hoton nan ya koma ƙasan akwati cikin ledarsa. Wani lokaci Dada takan ɗauko ta nuna wa jikoki, ta sa yatsa a kafaɗar yarinyar da ke ciki, inda almakashi ya bar yatsu huɗu.

"Ga kakanku nan," in ji ta.