Dogo Ba Matsarmama

Shekara ashirin da wani abu Dogo ya yi yana jan bas ɗin kamfani daga tashar kasuwa zuwa unguwar masana'antu, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Mutum ne mai ci. Kullum kafin ya tayar da mota sai ya zauna rumfar mai shayi da sauran direbobi, a soya masa ƙwai har mai ya kwanta a faranti, ya dangwale da burodi. Rannan ciwon ciki ya kayar da shi. Likita ya ce tsakuwa ce ta cika masa matsarmama, aka shiga da shi tiyata aka cire ta.

"Za ka rayu lafiya lau ba ita," in ji likita. "Amma ka rage maiƙo, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan. In ka loda mai, cikinka ba zai nemi shawararka ba."

Matarsa ta riƙe maganar gam. Ta ɓoye galan ɗin mai, ta soma cika masa kula da dafaffiyar shinkafa, dafaffen kifi, da ganye.

"Wannan abinci ne ko hukunci?"

"Baban yara, ka ci ko ka bari. Ni na yi jinyarka, ba mai shayi ba."

Da ya koma aiki sai ya tarar an kawo sabon manaja, yaro mai ƙamshin turare, wanda ke neman dalilin sauke tsofaffin direbobi. A tashar nan kuwa faranti ne ke ba da shaidar lafiya: wanda ya kasa cinye nasa a rumfa, kafin azahar an ce ya kusa mutuwa. Dogo ya tura kula ƙarƙashin kujera, ya je ya zauna da shayi baƙi.

"Dogo, an ce akuya ka koma," in ji wani direba da ake kira Gajere. "Ganye safe da yamma. Ko dai har da ƙarfin aka cire?"

Manaja na tsaye yana murmushi. Ran Dogo ya ɓaci.

"Mai shayi! Soya min ƙwai, ka zuba mai kamar ubanka ne ke matsarsa!"

Ya cinye tas, ya suɗe farantin yana kallon manaja cikin ido.

A kan gada cikin ya tashi. Cunkoso gaba, cunkoso baya, mota maƙil da ma'aikata. Ya matse, ya yi salati, ya zagi likita, ya zagi Gajere, ya zagi kazar da ta yi ƙwan. Gumi ya jiƙe masa riga. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ja birkin hannu, ya dira.

"Direba, ina za ka?" wata tsohuwa ta ƙwala masa kira.

"Baba, in kin iya tuƙi bismilla!"

Ya sheƙa banɗakin wani gidan mai da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Kafin ya dawo, an toshe gada, 'yan sanda sun zo, manaja ma ya zo.

"Malam Dogo, ba ni makulli. Ai da ka ce ba ka da lafiya."

"Da na ce, da tun safe ka karɓa! Lafiyata ƙalau, ƙwanku ne ba lafiya!"

Manaja dai ya karɓe makullin.

Yanzu Dogo ne mai buɗe ƙofar tasha. Tumbi ya tafi, ciki ya kwanta, matarsa na ta hamdala, shi kuwa ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Wani sabon direba aka bai wa motarsa. Duk sanda ya ji yaron ya kankare mata giya wajen shigowa, sai ya ƙi buɗe ƙofar, ya taka a hankali har bakin taga.

"Koma baya, ka sake shigowa kamar ɗan mutane. Ni ba inda za ni."