Baiwa da 'Ya'yan Zomon Haoua

Ni dai in faɗa muku gaskiya tun daga farko, ba na son mage. Sai Allah ya haɗa ni zaman haya da matar da duk Agege babu mai tara maguna kamarta, ƙofar ɗakina tana kallon tata shekara goma sha ɗaya cur. Sunanta Baiwa. Ni ce Mastura mai ɗinki, in kun taɓa bin layin bayan titin jirgi kun ji ƙarar kekena.

A Agege aka haifi Baiwa. Fataucin goro ne ya kawo mahaifinta daga Bichi, ya zauna, a nan aka binne shi. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta maza biyu suna Ebute Metta da iyalansu. Waina take toyawa da safe a bakin titi, direbobin bas ɗin danfo da 'yan okada masu babur ne masu cinye ta. Yarabanci kuwa a bakinta ba a magana. In suna cacar baki da matar mai gidan hayarmu sai ka rasa wace ce Bahaushiyar a cikinsu.

Yarabawan layinmu ne suka sa mata Iya Ologbo, wato uwar maguna, kuma sunan ya bi ta. Wata damina ce ta tsinci 'yan kyanwa uku a bakin kwata, ko ido ba su buɗe ba, ta zuba su a haɓar zani ta kawo gida, suka rayu. Shi ke nan fa! Tun daga nan duk wanda mota ta take magensa, ko ta haihu ta gudu, sai mu wayi gari da kwali a ƙofar ɗakin Baiwa yana kuka. Ta iya aikin, wannan ba zan hana ta ba. Sirinji take samowa a kemis ta cire allurar, ta dama madarar gari da ruwa mai ɗumi, ta riƙa ɗiga musu duk bayan awa biyu. In sun sha ta jiƙa auduga ta goge musu ƙasan ciki don su yi fitsari, ta naɗe kwalbar ruwan zafi a tsumma ta ajiye musu a gefe. In sun yi wayo ta raba wa masu shagon hatsi da masu shayi da ɓeraye suka addaba. Sai dai tana da cika baki. "Ɗan mage ba ya mutuwa a hannuna sai in kwanansa ne ya ƙare," haka take cewa, tana kaɗa kai. Ni kuma in ce mata to Allah ya bar mana likita.

Akwai wata yarinya, Haoua, 'yar Maraɗi, da ta taɓa zama a gidanmu lokacin da mijinta Salissou ya kawo ta Legas. Da ya samu gadin wani sito a Ijora suka koma can, amma ba ta daina zuwa gaishe da Baiwa ba, Inna take ce mata. Gyaɗa take dafawa tana sayarwa, da ribar ta sayi zomanya guda, fara mai baƙin kunne. Wannan zomanyar ita ce abu na farko da Haoua ta taɓa mallaka da guminta, kuma in tana ba ka labarinta sai ka ɗauka saniya ce.

Cikin shekarar dubu biyu, wajen watan goma, gari ya rikice. Ba zan tsaya ba ku wannan labarin ba, wanda ya gani ya gani. Mutanenmu da yawa suka tattara suka yi Arewa. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga Haoua afujajan, da keji a ka.

"Inna, kamiyo, babbar motar da za ta kai mu gida, ya tsaya jiranmu a Ijora, direba ya ce ba ya ɗaukar dabba. Ga amana. Tana da ciki. In Allah ya so kafin ƙaramar Salla ina dawowa."

Baiwa ta karɓi kejin da hannu biyu. "Je ki, 'yata. Yadda kika ba ni haka za ki same ta, har da ƙari."

Na ce a raina, wannan baki naki dai.

Bayan mako biyu zomanya ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ta haifi shida, jajaye tsirara kamar 'ya'yan ɓera. Baiwa har guɗa ta yi. Kwana huɗu da haihuwar muka tashi muka tarar da uwar a sanƙare. Har yau ba mu san me ya kashe ta ba, ita Baiwa ta ɗora laifin a kan ganyen kabejin da ta kwaso a kasuwa. Ta tsuguna gaban kejin tana duban 'ya'yan. Can ta miƙe ta ce, "To, uwa ta tafi, amma ga shida. Ko su na miƙa wa yarinyar nan na fita kunya."

Ta ɗauko sirinjinta da madararta. A lokacin akwai 'yan kyanwa biyu a ɗakin da wata babbar mage da ke zuba wa kejin ido ba ta ko ƙiftawa, don haka ta zuba 'yan zomon a ƙwarya ta rataye su a ragaya can sama. Ta shiga yi musu yadda ta saba, duk bayan awa biyu ta sauko da ƙwarya, ta kwantar da kowanne rigingine a tafin hannunta ta ɗura masa har cikinsa ya yi tam. Waina ma sai da ta daina fita toyawa.

Kwana biyu, ɗaya ya mutu, cikinsa a kumbure. Ta ce dama shi ne ƙaraminsu. Washegari wani ya bi shi, madara na fitowa ta hancinsa. Ta ƙara yawan ruwa a madarar, ta ƙara yawan ba su, wai ko yunwa ce. Na ukun ya mutu a hannunta ina tsaye.

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Likita, yau kuma kwanan wa ya ƙare?"

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye maganar. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka yi mata sata, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa tana kuka kamar yarinya. "Mastura, amana ce fa. Me zan ce mata? Da wane ido zan kalle ta?" Kunya ta kama ni, na ji na tsani kaina. Na ce ta tashi ta ɗauki mayafi, akwai wani tsoho da ake ce wa Na'Allah yana lambu wajen mayanka, na sha ganin zomaye a bayan bukkarsa.

Ta tsaya jan jiki. Ita Iya Ologbo guda, a ce ta je wani ya koya mata reno? Na ce ko ta taho ko in ɗauki ƙwaryar in tafi ni kaɗai. Ta taho.

Na'Allah mutumin Funtuwa ne, siriri, ba ya dariya. Ya leƙa ƙwaryar, ya taɓa cikin ɗaya da ɗan yatsa.

"Sau nawa kike ba su?"

"Duk bayan awa biyu," in ji Baiwa, har da ɗan ɗaga kai.

"Innalillahi! Baiwar Allah, maguna kika ɗauke su?"

Na juya baya don kada ta ga fuskata.

Ya ce zomanya ba ta kwanciya da 'ya'yanta kamar mage. Sau ɗaya take zuwa musu a yini, in ta yi yawa sau biyu, ta tsaya a kansu ɗan lokaci kaɗan su sha, ta yi gaba abinta. Nononta kauri gare shi, kaɗan yake isarsu. Wannan tsululun madara da ake ɗura musu dare da rana ita ke kumbura su, kwantar da su rigingine kuma shi ke sa ta bi ta hanci. Ya ce ta nemi nonon akuya ta kaɗa da ɗan gwaiduwar ƙwai, safe da yamma kawai, ta riƙe su a zaune, ta ɗiga a leɓe su lasa da kansu.

"In sun yi kuka fa?" ta tambaya.

"Ki toshe kunnenki. Tausayinki ne ke kashe su."

Har mun juya ya kira mu. Ya ce saura abu ɗaya. In sun buɗe ido, kafin su fara cin ganye, dole su ci kashin babban zomo mai lafiya, ba busasshen da ake gani a ƙasan keji ba, wani mai laushi da zomo ke yi da sassafe ya cinye abinsa. Da uwarsu na raye nata za su ci. In ba su samu ba, ranar da suka fara ganye zawo zai kwashe su. Ya ce ta riƙa zuwa da wuri, zai san dabarar da zai tsare mata.

Da muka sauka daga danfo sai Baiwa ta dube ni. Ta ce, "Ashe ni na kashe su." Na ce ba ki sani ba ne. Ta ce rashin sanin bai dame ta ba kamar yadda ta ƙi tambaya.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne hana hannunta. Sai in gan ta ta miƙe ta nufi ragaya da sirinji, ta tsaya, ta koma ta zauna a kan hannayenta. Dole ta koma toya waina, don in tana gida ba za ta iya haƙura ba. Nonon akuya kuwa wajen wani mai awaki a kara, kasuwar dabbobi, take samowa a 'yar kwalba. Duk da haka na huɗun ya tafi, dama ya riga ya galabaita. Saura biyu, mace da namiji.

Ranar da suka buɗe ido ta buga mini ƙofa kamar gobara ta tashi. Daga nan aka shiga zaryar kashi. Ku dubi wannan abu, mace mai jikoki, ta yi sallar asuba ta ɗauki gwangwanin tumatir ta hau danfo zuwa mayanka karɓo kashin zomo! Wani kwandasta ya tambaye ta me ke cikin gwangwanin da take riƙo haka kamar zinariya, ta ce masa magani ne, da Yarabanci, ya ce Allah ya ba da lafiya. Sau biyu na raka ta, kuma ban yafe warin ba. Takan dama ɗan kaɗan a cikin nonon ta ba su. Mako guda tana wannan, sannan Na'Allah ya ce ta fara sa musu busasshiyar ciyawa da ganyen dankali.

Suka ci, ba su yi zawo ba. Kafin azumi ya raba tsakiya sun fara tsalle suna faɗowa daga ƙwarya, aka mayar da su kejin uwarsu, aka ɗora dutse a kan murfin saboda magen nan.

Salla ta zo ta wuce, babu Haoua, babu labarinta. Zomaye suna ta girma, Baiwa kuwa tana ta ramewa. Kullum sai ta zo bakin kekena ta gwada mini yadda za ta faɗa. Yau ta ce za ta fara da cewa ciwo ne ya shigo unguwa, gobe ta ce a'a, ƙarya ba ta cikin amana. Na ce mata ta sayo wata fara mai baƙin kunne mana, wa zai gane? Ta yi mini wani kallo, ban sake ba.

Sai cikin watan biyu na sabuwar shekara, wata ranar Asabar da la'asar, muka ji sallama. Haoua ce, ta yi baƙi ta rame, da 'yar jakar leda a hannu. Baiwa ba ta bari ta ko sha ruwa ba. Ta ja ta har gaban kejin, duk jawabin da ta shirya ya gudu.

"Zomanyarki ta mutu a hannuna. Ta haifi shida. Huɗu ni na kashe su da taurin kaina. Ga abin da ya rage, ki yafe mini."

Haoua ta tsuguna. Ta zura yatsa ta cikin waya, macen ta matso tana shinshinawa. Ta sunkuyar da kai tana kallonsu.

Da ta ɗago, fuskarta duk hawaye. "Inna, shekaranjiya muka iso. Ɗakinmu na Ijora wasu ne a ciki. Tukwanena, akwatina, har tabarma, duk wanda na bar ma ajiya ya ce bai gani ba. Na ce ma Salissou ni gida za ni koma, ba ni da komi garin nan. Ban zo tambayar zomo ba, wallahi na ɗauka an daɗe da cinye ta. Sallama na zo yi miki."

Ta sake duban kejin. "Waɗannan nawa ne?"

"Naki ne mana, na wa za su zama?"

"Ashe ina da abu a Legas," in ji Haoua, tana dariya tana kuka.

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta ajiye jakar ledar a ƙasa, ta gyara zama a kan tabarmar Baiwa, ta ce a faɗa mata abin da suke ci da wanda ba su ci, don in sun samu ɗaki nan kusa za ta zo ta ɗauke su. Baiwa ta ja kujera ta zauna, ta fyace hanci, ta ce da farko dai kada ta kuskura ta ba su kabejin kasuwa. Ni kuma na tashi na ɗora musu ruwan shayi.